Alƙahira: Birnin da har gobe ake yankar tikiti don sauraren sha'iri

Akwai wata tsohuwar magana da Larabawa ke yi cewa Alƙahira ce ke rubutawa, Bairut ta buga, Bagadaza kuma ta karanta. Ko da yake zamani ya sauya, yau kowa na rubutu da ɗab'i a inda ya ga dama, akwai abu guda da masu wannan magana suka manta ba su haɗa da shi ba, wato cewa Alƙahira birni ne mai kunne. A wannan birni mai mutum fiye da miliyan 20 in an haɗa da kewayensa, har gobe saurayi kan tara 'yan kuɗinsa ya yanki tikiti kamar mai zuwa kallon ƙwallo, ya je ya zauna sa'a biyu cur yana sauraren mutum guda tsaye gaban lasifika yana karanta baitocin da ya rubuta. Wani lokaci babu ganga babu algaita, daga shi sai muryarsa.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina ruwan Bahaushe da sha'iran Masar? Amsa ita ce ruwansa da tsaki. Ƙasidar Burda da ake rerawa a makarantun soro da zaurukan Maulidi daga Kano zuwa Kumasi, Bamisire ne ya rubuta ta, wato Imam Busiri wanda kabarinsa ke birnin Iskandariyya. Shaihin malamin nan Muhammadu Al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a shekarar 1741, a gidan mahaifin Al-Jabarti mai rubuta tarihi. Har yau 'ya'yanmu na karatu a Azhar, da dama daga cikinsu suna zaune a unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Alƙahira. Saboda haka abin da ke faruwa a dandalin waƙa na wannan birni ba labarin wata duniya ba ne. Madubi ne da ya kamata mu leƙa, musamman mu da muka daɗe da zama nesa da gida, muna kallon yadda harshenmu ke zamewa daga bakin jikokinmu.

Wuraren da ake haɗuwa

Wanda ke son jin waƙa daga bakin mai ita a Alƙahira ba ya rasa wurin zuwa. Wurin da matasa suka fi sani shi ne Saƙiyatus Sawi da ke unguwar Zamalik, ƙarƙashin gadar 15 ga Mayu, a gaɓar Kogin Nilu. Injiniya Muhammad As-Sawi ne ya buɗe shi a 2003, a wani fili da a da juji ne, ya sa masa sunan mahaifinsa Abdulmun'im As-Sawi, marubuci kuma tsohon ministan al'adu. A nan ne za ka ga sha'iri ya cika zaure da 'yan tikiti kamar wani tauraron fim, 'yan mata da samari suna bin sa baiti baiti domin sun riga sun haddace daga wayoyinsu.

Idan kuma mutum ya fi son zaman dattawa, sai ya nufi bayan Masallacin Azhar, inda wani tsohon gida yake mai suna Baitus Sitt Wasila, wanda aka gina a 1664 aka kuma mayar da shi gidan waƙar Larabci. Nan ake karanta ƙasidu cikin daƙiƙin Larabci, a kuma yi musu sharhi. Ba nisa da nan, a wani lungu da ke kan titin Mu'izz, akwai Baitus Suhaimi, gidan da ya yi suna da dararen azumi na rera tarihin Banu Hilal. Sai kuma babbar kasuwar baje kolin littattafai ta Alƙahira, wadda aka fara a 1969, aka mayar da ita sabon matsuguni a gabashin birnin a 2019, inda a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu ake ware zaure musamman don karatun waƙa. Bayan waɗannan ga gidajen shan gahawa na tsakiyar birni irin su Zahratul Bustan, inda marubuta ke zama a kan kujerun titi, kowa da takardarsa a aljihu yana neman wanda zai karanta wa.

Abin da ya fi burge ni a waɗannan wurare shi ne masu sauraro, ba masu karatun ba. Bamisire ba ya zama kamar gunki a gaban sha'iri. In baiti ya ratsa shi sai ka ji ya ɗaga murya yana ambaton sunan Allah, wani kuma ya ce a maimaita, kuma dole mai karatu ya koma ya maimaita. In kuwa waƙar ta yi lami, babu mai zagi, sai dai ka ga an fara duba waya ana kiran mai shayi. Wannan hukunci na nan take, a ganina, shi ne makarantar da ta fi kowace jami'a gyara sha'iri.

Najm da Abnudi: wa ya fi?

Masar tana da harshen waƙa iri biyu. Akwai fusha, wato Larabcin littafi, wanda Ahmad Shauƙi ya hau ƙololuwarsa har aka naɗa shi Sarkin Sha'irai a 1927. Akwai kuma Larabcin gargaliya, wanda ake ciniki da faɗa da soyayya da shi. Shekaru da dama malamai suna yi wa waƙar gargaliya kallon hadarin kaji, har sai da mutane irin su Bairam At-Tunisi da Fu'ad Haddad da Salah Jahin suka nuna cewa harshen mai sayar da wake ma zai iya ɗaukar hikima. Fu'ad Haddad ne ya ari bakin mai tayar da mutane sahur da 'yar gangarsa, ya rubuta jerin waƙoƙin da makahon mawaƙi Sayyid Makkawi ya riƙa rerawa a rediyo, waɗanda har yau Misirawa ba sa jin azumi ya cika in ba su ji su ba.

Cikin waɗanda suka biyo bayansu, mutum biyu ne suka fi shahara, kuma har yanzu in ana son tayar da gardama a majalisa sai a tambayi wanda ya fi a cikinsu. Na farko shi ne marigayi Ahmad Fu'ad Najm, wanda aka haifa a 1929 a lardin Sharƙiyya, ya tashi maraya, ya kuma fitar da diwaninsa na farko yana gidan yari. A 1962 ya haɗu da Shaihu Imam, makaho mahaddacin Alƙur'ani mai kaɗa udu, suka zauna a wani ɗan ɗaki a lungun Hosh Ƙadam da ke tsohon birni. Najm ya rubuta, Imam ya sa murya. Bayan kashin da Masar ta sha a yaƙin 1967, waƙoƙinsu suka zama bulala a kan masu mulki. An ɗaure su a zamanin Jamal Abdunnasir, an sake ɗaure su a zamanin Anwar Sadat, an kuma toshe musu ƙofar rediyo da talabijin na gwamnati. Duk da haka ɗaliban jami'a da ma'aikata suka haddace su, ta hanyar kaset da ake ɗauka a ɗakunan da suke zama ana kwafa hannu da hannu. Imam ya rasu a 1995, Najm kuma a watan Disamba na 2013.

Na biyu shi ne marigayi Abdurrahman Al-Abnudi, wanda Misirawa ke kira Kawu. An haife shi a 1938 a ƙauyen Abnud da ke lardin Ƙina a kudancin ƙasar, ya rasu a watan Afrilu na 2015. Shi bai taɓa yar da karin harshen ƙauyensu ba, ko da yake mutanen birni sun saba yi wa 'yan kudu dariya. Da wannan harshe ya rubuta wasiƙun Haraji, wani leburan da ya tafi ci-rani aikin madatsar ruwa ta Aswan yana aiko wa matarsa Fatna labarin abin da idonsa ya gani. Duk wanda ya taɓa barin iyali ya tafi Kurmi ko Gwanja neman abin rufin asiri zai ga kansa a cikin wannan mutum. Sannan ya shafe shekaru masu yawa yana bin tsofaffin masu rababa, wato kukumar Larabawa, yana ɗaukar tarihin Banu Hilal daga bakinsu kafin su mutu da shi. Shi ne ya riƙa zama gefen Sayyid Ad-Duwwi a Baitus Suhaimi, wannan na rerawa shi yana fassara wa 'yan birni. Hukumar UNESCO ta sanya wannan tarihi cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2003.

Ni dai in aka tambaye ni, Najm ya fi ƙarfin hali, Abnudi ya fi zurfi. Waƙar Najm kamar barkono take, tana da yaji a ranar da aka daka ta, amma da yawa daga cikin zambonsa sai an yi wa yaron yau bayanin wanda ake zagi da dalilin zagin kafin ya yi dariya. Waƙar Abnudi a kan gwaggonsa Yamna, tsohuwar da ke yi masa nasiha kan tsufa da mutuwa, ba ta bukatar wani bayani, ko shekara ɗari aka yi tana nan da ranta. Na san masu ra'ayin Najm za su ce Kawu ya cika kusantar fada a wasu lokutan rayuwarsa, kuma wannan zargi ne da aka sha yi masa tun yana raye. Amma ni waƙa nake aunawa, kuma a ma'aunina wadda ta sa mutum ya tuna da mahaifiyarsa ta fi wadda ta sa shi ya tsine wa minista daɗewa a zuciya. Abin da su biyun suka haɗu a kai shi ne babu wanda ya san daɗin waƙarsu a takarda kamar wanda ya ji ta da muryarsu.

'Yan baya da fitinar tafi

A cikin masu tasowa bayansu, babu wanda ya kai Hisham Al-Jakh tara jama'a a lokacin da tauraronsa ke tsakiyar sama. Shi ma ɗan kudu ne, kuma ya zo na biyu a gasar Sarkin Sha'irai da ake yi a talabijin a Abu Dabi a 2011, inda waƙarsa kan wahalar da Balarabe ke sha wajen neman biza zuwa ƙasar ɗan uwansa Balarabe ta zagaye duniya. Mutumin ya iya tsayuwa a dandali. Ya san inda zai yi tsawa da inda zai yi raɗa, ya san lokacin da zai yi shiru ya bar jama'a su ƙarasa. Sai dai ra'ayina a kansa shi ne rabin abin da ake tafa wa wasan kwaikwayo ne. Ka ɗauki wasu daga cikin waƙoƙinsa ka karanta kai kaɗai a ɗaki, sai ka ga miyar ta fi tuwon yawa. Masu sukarsa a Masar sun sha faɗin haka, masoyansa kuma su ce hassada ce. Ni ina ganin ya yi wa waƙa hidima ta wajen dawo da matasa zaure, amma ya kuma buɗe ƙofa ga masu kwaikwayonsa da suka ɗauka cewa ɗaga murya da kaɗa hannu su ne fasaha.

Tamim Al-Barguti dabam yake. An haife shi a Alƙahira a 1977, mahaifinsa sha'irin Falasɗinu ne Murid Al-Barguti, mahaifiyarsa kuma marubuciyar Masar Radwa Ashur. Ya shiga wannan gasa ta Abu Dabi a 2007 bai zo na ɗaya ba, amma ƙasidarsa a kan birnin Ƙudus ita ce abin da mutane suka riƙe daga gasar ta wannan shekara. Shi ne hujjata a kan masu cewa fusha ta mutu. Yakan hau tsofaffin karuruwan aruli irin waɗanda malamanmu ke koyarwa a zaure, ya zuba musu maganar yau, yaron da bai taɓa buɗe diwanin Mutanabbi ba ya zauna ya haddace. Waƙarsa tana tsayuwa a dandali, tana kuma tsayuwa a takarda, kuma samun wannan a wurin mutum guda ba abu ne mai sauƙi ba.

Sai kuma Iman Mirsal, wadda aka haifa a 1966, take koyarwa a wata jami'a a Kanada. Ita tana cikin 'yan shekarun 1990 da suka ajiye kari da amsa-amo gaba ɗaya, suna rubuta abin da suke kira ƙasidar zube. Waƙarta ba ta neman tafi. Magana ce ƙasa-ƙasa a kan maraici da uba da baƙunci a ƙasar wasu, irin wadda in an karanta ta a zaure sai wuri ya yi tsit. Wannan salo ya jawo babbar rigima. Dattijon sha'iri Ahmad Abdulmu'uɗi Hijazi har littafi ya rubuta yana kiran irin wannan waƙa bebiyar ƙasida. Abin dariyar shi ne, lokacin da Hijazi da Salah Abdussabur suke samari suna sassauta ƙa'idojin ƙasida, Abbas Al-Aƙƙad da ke shugabantar kwamitin waƙa na hukuma tura irin waƙoƙinsu ya yi zuwa kwamitin zube, wai can suka dace. Abin da aka yi wa mutum yana yaro shi ya yi wa na bayansa da ya tsufa. Ni ina tare da kari da amsa-amo, domin kunnen Bahaushe da su ya saba, amma ba zan ce wa abin da ya sa zaure ya yi shiru bebe ba.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan ukun shi ne dandali yana raya waƙa, amma tafi ba shi ne ma'auni ba. Waƙar kirki ita ce wadda mai sauraro zai tafi da ita gida, ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Kada kuma a ɗauka wannan harka shan shayi ce kawai. A kwanakin juyin juya halin 2011, waƙoƙin Najm da Imam na shekaru arba'in baya su matasa suka riƙa rerawa a Dandalin Tahrir. Bayan nan aka fara wani taron wata-wata na waƙa da kiɗa kyauta a Dandalin Abidin, wanda ya tsaya a 2014 da hukuma ta daina ba da izini. A 2018 aka kama sha'iri Jalal Al-Buhairi bayan fitar wata waƙa da ya rubuta wa wani mawaƙi, kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara 3. Ƙasar da ake ɗaure mutum saboda baiti, ƙasa ce da masu mulkinta suka san baiti yana da nauyi.

Ina tamu majalisar?

Yanzu bari mu dawo gida. Duk abin da na lissafa a sama, mu ma mun taɓa samun irinsa. Rubutacciyar waƙar Hausa tun asali don kunne aka yi ta. Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta ne don jajis su haddace su kai wa mata a ƙauyuka. Imfirajin Aliyu Namangi, makahon Zariya, a bakin makafi da almajirai ya zagaye ƙasar Hausa, yadda Shaihu Imam ya zagaye Masar a kaset. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sun yi wa'azi da siyasa da baiti, an saurare su. Mudi Sipikin ya kafa ƙungiyar Hikima a Kano, inda mawaƙa ke haɗuwa su karanta wa juna, a kuma ji su a rediyo. Mazauna zango ma ba a bar su a baya ba, domin Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda ya rasu a 1934 a ƙasar da yau ake kira Ghana, yana nesa da Kano ya rubuta waƙoƙinsa kan talauci da wadata da kuma zuwan Nasara.

Yau ina aka kwana? Mafi yawan masu basirar tsara baiti sun koma ɗakin ɗaukar murya, inda fiyano ke rufe kalma, kuma wanda ya biya shi ake wa waƙa, walau ɗan siyasa walau ango. Ban ce wannan haramun ba ne, kowa da hanyar cin abincinsa, kuma a cikinsu akwai irin su Aminu Ala da suka riƙe mutuncin kalma. Amma rubutacciyar waƙa ta koma zaman jiran jarrabawa a sashen Hausa na jami'o'i. Akwai masu ƙoƙari, kamar reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da ya daɗe yana shirya zaman karatu, da bikin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga mu mazauna nesa kuwa, daga Sabon Zango na Akara zuwa Mai Wurno ta Sudan, daga Sabo ta Ibadan zuwa unguwannin Makka da Alƙahira, abin ya fi tsanani. Jikokinmu suna jin Hausa amma suna amsawa da Larabci ko Turanci ko Yarbanci. Hausar da ta rage musu ita ce ta aike da ta cefane. Yaron da bai taɓa jin an sarrafa harshen kakansa ya zama abin ado ba, me zai sa ya riƙe shi? Abnudi ya sa ɗan ƙauyen kudu ya daina jin kunyar karin harshensa a tsakiyar Alƙahira, kuma da baiti ya yi wannan aiki, ba da dokar gwamnati ba.

Shawarata ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da na mata ita ce a farfaɗo da majalisar waƙa. Ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Tabarma ce da shayi da lasifika, sau ɗaya a wata. A fara da tsoho ya rera ɗango biyar daga waƙoƙin magabata, sannan a ba matasa maza da mata fili kowa ya karanta tasa, ko da gurguwa ce. Wanda ya yi da kyau a ce ya maimaita, wanda karinsa ya karye a gyara masa cikin mutunci, kada a yi liƙi, domin da zarar kuɗi ya fara sauka a goshi waƙa ta koma roƙo. Ga ranakun farawa nan a shirye, 21 ga Maris ranar waƙa ta duniya, da 26 ga Agusta ranar Hausa. In har juji a ƙarƙashin gada zai iya zama zauren sha'irai a Zamalik, ƙofar gidan Sarkin Zango ba ta gaza ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan gado, ya kuma ba mu ikon miƙa shi ga na baya.